Hayar akwatin kebul a Amurka: ka riƙe, ka mayar, ko ka sayi naka?

Duk wanda ya taso a Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi ya san yadda ake yi da dikoda. Ka je kasuwa ka saya, mai haɗawa ya hau saman kwano ya ɗaura maka dish, shi ke nan ta zama taka. In wata ya ƙare babu kuɗin sabuntawa, sai ta zauna a kan teburi tana jiranka, ba mai biyo ka bashi. A Amurka ba haka ake yi ba, kuma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke Bronx da Harlem da Philadelphia da Greensboro ba sa farga sai sun daɗe suna biya. Akwatin da kamfanin kebul ya kawo maka ba naka ba ne. Haya aka ba ka, ana cajinka duk wata, kowace talabijin da nata kuɗin, kuma ranar da ka tashi daga gidan sai ka mayar da shi, in ba haka ba a rubuta maka kuɗinsa.

Kuɗin ba ƙarami ba ne. A watan Yuli na 2015, sanatoci biyu, Edward Markey da Richard Blumenthal, suka fitar da sakamakon tambayoyin da suka aika wa manyan kamfanonin talabijin na biya. Abin da suka samu shi ne kusan kashi 99 cikin 100 na masu biya hayar akwati suke yi, gida ɗaya yana kashe sama da dala 231 a shekara a kan hayar kaɗai, kuma kamfanonin suna tara wajen dala biliyan 19.5 duk shekara ta wannan hanya. Wannan fa ba kuɗin tashoshi ba ne, kuɗin ƙarfen da ke ƙarƙashin talabijin ne kawai. Ko direban A Daidaita Sahu da ya karɓi babur a kan biya kaɗan-kaɗan ya san ranar da babur zai zama nasa. Mai hayar akwatin kebul ba shi da wannan rana: ko ya shekara 10 yana biya, kayan na kamfani ne.

Kafin mu zo ga zaɓi, gara a san inda doka ta tsaya, domin mutane da yawa suna zaton akwai hukumar da ke sa ido a kan wannan farashi.

An taɓa yunƙurawa, ba sau ɗaya ba. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta yi babbar dokar sadarwa, a ciki ta sa sashe na 629 wanda ya umarci hukumar sadarwa ta ƙasa, FCC, ta tabbatar mutane suna iya sayen akwatinsu a kasuwa daga wani kamfani daban. Akwai abin da aka duba aka yi hakan. A da, hatta wayar tarho ta gida hayarta ake yi daga kamfanin AT&T, sai hukuncin Carterfone na 1968 ya buɗe ƙofar haɗa na'urorin wasu kamfanoni da layin, daga baya kowa ya koma sayen wayarsa a shago. An so talabijin ma ta bi wannan hanya. Abin da ya fito shi ne wani ɗan kati da ake kira CableCARD, wanda kake karɓa daga kamfanin kebul ka zura a na'urarka, irin su TiVo, ya buɗe maka tashoshin da ka biya. Katin bai karɓu ba. Waɗanda suka yi amfani da shi a na'urorin da suka saya da kansu ba su kai miliyan ɗaya ba, a ƙasar da masu biyan talabijin suka kusa miliyan 100 a lokacin. Saka shi akwai wahala, na'urorin suna da tsada, kuma kamfanin da ke cin riba daga haya ba shi da dalilin tallata maka hanyar da za ka daina biyansa.

Yunƙuri mafi ƙarfi ya zo a 2016. Shugaban FCC na lokacin, Tom Wheeler, ya kawo tsarin da zai tilasta wa kamfanoni su bar tashoshinsu su shiga na'urori da manhajojin wasu. Ranar 18 ga Fabrairu hukumar ta amince a fara nazarin tsarin da ƙuri'a 3 da 2, a watan Afrilu shugaba Obama ya fito ya goyi baya. Kamfanonin kebul da masu shirya fina-finai suka taso da ƙarfinsu. Suka ce tsarin zai taɓa haƙƙin mallaka da yarjejeniyoyinsu da masu tashoshi, suka ce kuma ai manhajoji sun riga sun fara maye gurbin akwati, a bar kasuwa ta yi aikinta. Wheeler ya sassauta, ya koma ga tilasta musu ba da manhaja kyauta. Ranar 29 ga Satumba da za a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe, sai aka janye batun daga jadawali. Zaɓe ya zo, gwamnati ta canza, a Janairun 2017 sabon shugaban hukumar, Ajit Pai, ya ajiye maganar gefe. A Satumban 2020 aka rufe ta gaba ɗaya, aka kuma soke ƙa'idojin da suka wajabta wa kamfanoni tallafa wa CableCARD.

Ta fuskar farashi ma haka ne. Dokar kebul ta 1992 ta bai wa hukumomin garuruwa damar sa ido a kan kuɗin ƙaramin kunshin tashoshi da na kayan aiki, muddin babu gasa ta gaske a yankin. A 2015 FCC ta yanke cewa daga yanzu za a ɗauka akwai gasa ko'ina sai an tabbatar babu. Tun daga nan, kusan a ko'ina kamfani ne ke yanka kuɗin hayarsa yadda ya ga dama.

Ni a ganina an zalunci talaka a nan, don wanda bai iya Turanci sosai ba, ko yake aikin dare yana kwana da rana, shi ne ba ya samun sararin zama ya tsefe takardar biyan kuɗi. Amma akwai abin da ya rage a hannunka, kuma yana da amfani. Dokar kare masu kallon talabijin ta 2019, wadda ta fara aiki ranar 20 ga Disamba 2020, ta hana kamfani cajinka a kan kayan da kai ka saya da kuɗinka, ta hana shi cajin hayar abin da bai ba ka ba, ko wanda ka riga ka mayar. Ta wajabta masa ya faɗa maka jimlar abin da za ka riƙa biya a wata kafin ka shiga yarjejeniya, ya aiko maka a rubuce, kuma kana da awa 24 ka fasa ba tare da tara ba. A Maris na 2024 FCC ta ƙara da cewa dole kamfanonin kebul da na tauraron ɗan'adam su nuna kuɗin shirye-shirye a dunƙule, maimakon su tallata ƙaramin farashi sannan su ɓoye kuɗin tashoshin gari da na wasanni a ƙasan takarda. Duk waɗannan suna sa ka ga kuɗin da idonka. Babu ɗaya da ke rage shi. Ragewa aikinka ne.

To, mu ɗauki hanyoyin.

Riƙe akwatin haya yana da hujjarsa, ba zan ce ba shi da ita ba. In ya lalace kamfani ne zai musanya maka. Rimot ɗinsa yana da lambobi, ka danna lambar tasha ta fito nan take. Akwatin kebul na asali ba ya dogara da ƙarfin Wi-Fi ɗinka, saboda haka yara suna wasan kwamfuta a ɗaki, uwargida tana kiran bidiyo da Maraɗi, hotonka bai girgiza ba. A wasan kai tsaye kuma shi ne kan gaba: mai kallo ta intanet yakan kasance a baya da daƙiƙu masu yawa, har ka ji maƙwabci ya yi ihu, ko saƙon WhatsApp ya shigo, kai kuwa a wurinka ba a ma buga kwanar ba. Wanda ƙwallo ta shiga jininsa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai lissafi. Mu ƙaddara kamfaninka yana karɓar dala 12 a wata kan kowane akwati. Duba takardarka ka sa ainihin naka. Akwati ɗaya ya zama dala 144 a shekara. Gida mai talabijin uku, falo da ɗakin maigida da ɗakin yara, dala 432. A shekara biyar dala 2,160, kuɗin da ya kai a yi maganar tikitin zuwa gida. Kuma kar ka ce za ka zare akwatin ka soka waya kai tsaye a bayan talabijin kamar da. Tun 2012 FCC ta yarda kamfanonin da suka koma dijital su kulle hatta ƙananan tashoshi, don haka a yawancin wurare waya ba akwati duhu kawai za ta nuna maka. Akwai ma kuɗin wuta. Wani bincike na ƙungiyar kare muhalli ta NRDC a 2011 ya nuna akwati mai naɗar shiri haɗe da wani na biyu suna shan wutar da ta fi ta sabon firji a shekara, saboda ko ka kashe su ba sa mutuwa da gaske. An inganta sababbi tun daga lokacin, amma in naka tsoho ne, ɗora hannu a kansa da asuba ka ji ɗuminsa.

Hanya ta biyu ita ce ka ci gaba da biyan kebul amma ka mayar da akwatunan, ka koma kallo ta manhajar kamfanin. Xfinity na da tata, Spectrum na da tata, kuma suna aiki a kan na'urorin kallo ta intanet da ake haɗawa da talabijin, irin su Roku da Apple TV, da wasu talabijin na zamani. Ƙaramar na'urar Roku ko Fire TV Stick ba ta cika wuce dala 30 zuwa 50 ba, sau ɗaya za ka biya. A lissafinmu na sama, wata uku zuwa biyar ta fanshi kanta. Su kansu kamfanonin sun gane inda iska ta nufa: a 2023 Comcast, mai Xfinity, da Charter, mai Spectrum, suka fito da nasu ƙaramin akwatin kallo ta intanet, Xumo Stream Box, Spectrum ta sa shi dala 60 saye ko dala 5 a wata. Wanda ya san zai wuce shekara ɗaya da shi, saye ya fi masa.

Akwai tambayoyin da za ka yi kafin ka fita sayen komai. Ka tabbatar manhajar kamfaninka tana kan na'urar da kake son saya, don ba kowace manhaja ce ke kan kowace na'ura ba. Ka tambaya ko tsarinka yana buƙatar a bar akwati ɗaya a gidan. Ka tambaya ina shirye-shiryen da ka naɗa za su koma, domin abin da ke cikin tsohon akwati da shi zai tafi. Sannan ka sani kuɗin akwati kaɗai za ka zubar. Kuɗin tashoshin gari da na wasannin yanki suna nan daram. Abin da ya fi damuna da wannan hanya shi ne alfarma ce, ba haƙƙi ba. Tunda tsarin 2016 bai zama doka ba, kamfani na iya cire manhajarsa daga wata na'ura ko ya sauya sharuɗɗa duk ranar da ya so.

Ta uku, a yanke kebul baki ɗaya a koma tashoshin intanet, irin su YouTube TV da Sling da Fubo da Hulu + Live TV. Babu akwati, babu mai zuwa haɗa waya, babu yarjejeniyar shekara. Ga mutanenmu wannan na ƙarshe yana da daraja: za ka tafi gida hutun sallah, ko aikin Hajji, sai ka dakatar, in ka dawo ka kunna. Amma kar a ruɗe ka da cewa araha ce. YouTube TV ta fara a 2017 da dala 35 a wata, zuwa Janairun 2025 ta kai dala 82.99. Kuma in ka cire talabijin daga kunshin da ya haɗa ta da intanet, kamfani na iya ɗaga maka kuɗin intanet ɗin. Ka nemi su faɗa maka farashin intanet shi kaɗai kafin ka yanke shawara, ka kuma tambaya ko akwai iyakar data.

A nan ne ya kamata kowane gida ya yi wa kansa adalci: me muke kalla da gaske? A gidajenmu, in ka lura, talabijin ɗin falo tana kan YouTube ne mafi yawan lokaci. Tafsiri da azumi, sallar Harami kai tsaye, fina-finan Kannywood masu dogon zango, labaran sashen Hausa na BBC da DW da RFI. Hajiya da ta zo daga gida taya renon jika ba ruwanta da tashoshi 200 na Turanci. Abin da take so a nuna mata shi ne maɓallin da za ta danna malam ya fito. Duk wannan ta intanet yake zuwa, akwatin haya bai ƙara mata komai ba. Maigida kuwa ƙwallo yake nema, ita ma a warwatse take. NBC ke riƙe da gasar Firimiya, tana raba wasannin tsakanin tasharta da USA Network da Peacock. Gasar zakarun Turai tana Paramount+, La Liga tana wurin ESPN, gasar cin kofin Afirka kuma beIN Sports ke nuna ta. Wanda gasa ɗaya ko biyu kawai ya damu da su, biyan waɗannan manhajoji a lokacin kaka ya dakatar in an tafi hutu ya fi masa sauƙi a kan babban kunshi.

Hanyar da aka fi rainawa, wadda ni kuma na fi so, ita ce eriya. Tun ranar 12 ga Yuni 2009 manyan tashoshin iska na Amurka suka koma dijital, kuma kyauta suke. ABC, CBS, NBC, Fox, PBS, Telemundo, Univision, da ƙananan tashoshi da yawa da ke maƙale da su. Hoton tas yake, babu yayyafin da muka sani a eriyar da. Eriyar cikin ɗaki 'yar fallen roba ce kamar takarda, wajen dala 20 zuwa 40. Ka murɗa wayarta a bayan talabijin, ka manna ta a saman gilashin taga, ka shiga saiti ka zaɓi eriya maimakon kebul, ka sa ta nemo tashoshi. Za ka ga lamba tana hawa a allo. In ba ta gamsar da kai ba, ka matsa da ita taku ɗaya, ko ka koma wata taga, ka sake nema. Wani lokaci tsakanin bango da gilashi bambancin tashoshi masu yawa ne. A birnin New York, hasumiyoyin watsa shirye-shirye suna kan dogayen gine-ginen Manhattan, One World Trade Center da Empire State, don haka taga mai kallon can ta fi kamawa.

Iyakarta a fili take. Wanda ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko wanda doguwar bene ta tare shi, ko yake nesa da birni, zai iya shan wahala, shi ya sa gara ka saya a shagon da ke karɓar kaya in an mayar. Ba za ka samu CNN ko ESPN a kanta ba. Amma labaran gari, gargaɗin dusar ƙanƙara da rufe makarantu, shirye-shiryen yara na PBS da manyan wasannin da ake sawa a tashoshin iska duk suna nan, ko da intanet ta ɗauke. In mai gidan da kake haya ya ce ba ya so, ka san akwai ƙa'idar FCC da ta faro a 1996, aka faɗaɗa ta ga 'yan haya daga baya, wadda ta ba ka damar sa eriyar talabijin ko ƙaramin dish a wurin da yake naka kai kaɗai, kamar baranda. Ba ta ba ka damar hawa rufin gini ko huda bangon waje ba.

Sai wani akwati da ake sayarwa a bayan fage, wanda ake ce maka ka biya sau ɗaya ka kalli duniya, har da tashoshin gida. Na san abin da ke jan mutane gare shi, amma araha ba ta ado. Tashoshin na sata ne, ranar da aka rufe masu watsa su ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Tun Disamban 2020 doka ta mai da gudanar da irin wannan sana'a babban laifi. A watan Yunin 2025 kuma FBI ta yi gargaɗi cewa ana samun na'urorin kallo marasa sanannen suna ɗauke da muguwar manhaja tun daga kwali, wadda ke bai wa ɓarayin intanet damar amfani da layin gidanka. Layin da kake shiga bankinka da shi, kake aika kuɗi gida da shi, ba wurin gwada sa'a ba ne.

In ni za a tambaya, gidan da abin kallonsa Hausa ne da labarai da ƙwallo jefi-jefi, eriya da ƙaramar na'ura ɗaya a kowace talabijin sun ishe shi, a ƙara manhajar gasar da maigida ke bi. Gidan da ke son tashoshin kebul da yawa amma yana da intanet mai ƙarfi, ya kwatanta kuɗin kebul ta manhaja da na YouTube TV ko Sling, bayan ya sa sabon farashin intanet a lissafin. Wanda Wi-Fi ɗinsa ke yankewa, ko wanda ba zai jure a riga shi ganin ƙwallo a raga ba, ya riƙe akwati ɗaya a falo. Ɗaya. Ban ga hujjar biyan hayar na biyu da na uku don ɗakin da ake kunna talabijin sau biyu a mako ba. Yayin da kake kan takardar, duba ko ana cajinka hayar na'urar intanet ita ma. Wasu kamfanoni sun cusa ta cikin farashi, wasu suna karɓa daban, kuma in kana biya daban, sayen wadda kamfanin ya amince da ita yakan fanshi kansa.

Ranar mayarwa ita ce inda mutane suke asara. Kar ka bar akwati a gidan da ka tashi, kar ka ba wani ya kai maka. Ka haɗa shi da rimot da wayar wuta, ka ɗauki hoton lambar da ke manne a bayansa, ka kai shagon kamfanin ko shagon kamfanin aika kaya na UPS in kamfaninka yana karɓa ta nan, ka tsaya sai an ba ka rasit mai ɗauke da wannan lamba. Ka ɗauki hoton rasit ɗin nan take, don rubutun irin wannan takarda gogewa yake yi. Kuɗin kayan da aka ce ba a mayar ba yana iya kaiwa ga kamfanonin da ke karɓo bashi, daga nan ya ɓata maka tarihin bashi, wanda za a duba ranar da ka je neman gidan haya ko mota. Ka bibiyi takardun wata biyu masu zuwa layi bayan layi. In kuɗin hayar bai fita ba, ka kira su ka karanta musu lambar rasit. In suka yi ta jan ka, ka shigar da ƙorafi a shafin FCC; ba a biyan ko sisi, kuma wajibi ne kamfanin ya ba da amsa a rubuce cikin kwana 30.